Ledar da Ba Ta Kama Tabo

Ɗana na fari ya dawo daga Ikko da jaka ɗaya da tari da kuma ra'ayi. Jakar ya ɗora ta bisa kwaba a ɗakinsa, tarin ya tafi bayan ya sha jiƙo, ra'ayin ne ya zauna da mu.

Ba zan faɗi sunansa ba, don ban taɓa faɗi ba. A wajenmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta zaman hira da shi, ba ta nuna ta damu da ya ci ko bai ci ba. Kakarsa ce ta yaye shi ta riƙe shi, ni kuwa tun yana rarrafe nake wuce shi kamar ɗan maƙwabta. Idan ina da magana da shi sai in faɗa wa matarsa, ko kaza, ko bango, da ƙarfin da zai ji daga inda yake zaune. Shi ma haka yake mayar mini. Duk shekarun da ya yi a kurmi yana aiki a jiragen ruwan fasinja ban taɓa aika masa ya dawo ba. Da ya dawo kuma ban ce masa sannu da zuwa ba. Na dai sa an yanka zakara, na ce wa matarsa tsufa ya yi, yana ɓata mini hatsi.

Abin da ya tara can ya kai Yawuri ya sayo jirgin katako, ya ɗaura masa inji, aka kawo shi madatsar ruwan Shagari. Mutanen ƙauyukan ƙetare ta ruwa suke shigowa kasuwa, kuma jirgin wani tsoho ne ya daɗe yana ɗauko su, jirgin da duk wanda ya shiga ya san shi ma ma'aikaci ne, don za a miƙa masa ƙoƙo ya riƙa kwarfe ruwa har a isa. Ɗana ya ce shi zai nuna yadda ake ɗaukar ɗan Adam. Ya kuma faɗa wa matarsa, ita ta faɗa mini tana tsintar shinkafa, cewa gwaji yake yi: idan jirgin ya karɓu ya zauna gida, idan bai karɓu ba ya sayar ya sauko da jakarsa. Na ce mata wannan ruwansa. Daga ranar duk sanda na wuce ƙofar ɗakinsu sai na saci kallon kwaba.

Ra'ayin nasa shi ne kujeru. Allunan zama na jirgin, waɗanda kowa ya saba ɗora ƙugu a kansu tun kakanni, ya ce sai an shimfiɗa musu soso an lulluɓe da yadi, kamar yadda ya gani a can. Yadin ma karan-miski yake so, ja. Da labarin ya iso ni ina ba kaji dusa, sai na gaya wa wata kaza mai zanen baƙi cewa duk wanda ya ɗora karan-miski bisa ruwa bai taɓa ganin gindin kwandon kifi ba. Yana ɗaki yana ji. Washegari matarsa ta zo ta durƙusa ta ce wai za a je Bodinga wajen mai ɗinkin kujeru, wai akwai wuri a mota idan Inna tana da wata buƙata a can.

Ina da buƙata. Na haɗa ƙunshina na ɗaure a zani.

Shi yana gaba kusa da direba, ni ina baya, matarsa tana tsakani, ita ce bakinmu. Shagon yana bakin hanya, an jingina naɗe-naɗen yadi a bango kamar azara, soso kuwa an tara shi har rufi. Mai shagon mutum ne mai zaƙin baki, da ƙananan ƙusoshi a leɓensa, kuma ƙusoshin ba su hana shi magana ba ko kaɗan. Ya kira ni Hajiya, ni da ko Kano ban taɓa zuwa ba. Da ya ji na jirgin ruwa ne, sai kowane yadi a shagon ya zama na jirgin ruwa. Wannan ba ya kama datti. Wancan ba ya shan ruwa. Na can sama ko rana kunyarsa take ji. Ya jawo bakin wani ya nuna mini rubutun Turawa, ya ce ga shi nan su da kansu sun rubuta.

Na ce masa ni ban san masu rubutun ba, ban san iyayensu ba, ya yanko mini ƙyalle daga kowanne.

Na shimfiɗa ƙyallayen a ƙasa na kwance ƙunshina. Akwai manja a ƙaramin kwalba, akwai sauran miyar kuka, da nono mai tsami, da ruwan da aka wanke tarwaɗa, da baƙin gindin tukunya, da kashin kaza a ganye. Baƙin mai na inji kuwa na sa matar ɗana ta roƙo wajen mai gyaran babur da ke maƙwabtaka. Goro na tauna nan take. Mai shago ya cire ƙusoshin daga bakinsa.

Karan-miskin ne ya fara faɗuwa. Ya shanye manja kamar da ma yunwa yake ji. Ban dubi ɗana ba, amma na ji ya gyara tsayuwa. Wani yadi mai furanni ya jure wa nono, goro ya kashe shi. Tamfol ya jure wa komai, sai dai mai shago da kansa ya yarda cewa idan ya sha rana zai gasa mutum ta ƙasa. Wata leda mai ƙyalli ta tsira daga tabo, da na naɗe ta na murza sai ta tsage kamar busasshen ganye. Masu wucewa suka fara tsayawa, wani mai rake har ya ajiye baronsa yana faɗa mini wanda zan gwada a gaba, kamar an tambaye shi.

Daga ƙarshe mai shago ya shiga ciki ya fito da wata leda mai kauri, bayanta saƙa ne, fuskarta da ɗan gautsi-gautsi kamar fatar akuya da aka jeme.

Ya ce, “Inna, wagga ko jini anka zuba mata, ruwa ɗai za a sa.”

Na ce, “Haka kac ce ga na farko. Miƙo.”

Na zuba mata duk abin da na zo da shi, na haɗa da baƙin mai, na dirza da babban yatsa, na sa a rana har muka yi sallar azahar. Da aka kawo ruwa aka shafa tsumma, komai ya tashi. Na shinshina, ba ƙarni. Na murza, na ja, na sa haƙori, haƙorin ne ya ji jiki. Na gaya wa matar ɗana cewa wannan ta yi.

Sai maganar launi. Kala biyu ce da shi, ruwan ƙasa da ruwan madara. Ni ruwan ƙasa na nuna. Ɗana ya dubi rufin shago ya ce tun da an shaida ba ta kama tabo, mene ne abin tsoro a fari. Gwajina ne ya tsaya masa shaida, kuma a gaban mai rake. Aka auna ruwan madara.

Ƙyallen na taho da shi gida, don ban gama da shi ba. Na jiƙa shi a randa, na shanya a kan danga, na bar kaji suka bi ta kansa, bai canza ba. Ana nan aka yi suna a maƙwabta, matar ɗana ta yi ƙunshi, ta zo wucewa da ɗanyen lalle a hannu ta ɗauke ƙyallen daga kan turmi ta jefa gefe. Da na tsince shi da la'asar, sawun yatsunta na nan a jiki. Na sa sabulu, na sa toka, na sa lemun tsami. Sawun ya yi ja ya zauna daram. Lokacin an riga an gama ɗinki. Na tura ƙyallen ƙarƙashin tabarmata na yi shiru, don wa zai shiga jirgi da ɗanyen lalle.

Ranar da aka ɗaura kujerun rabin gari ya sauko bakin ruwa. Ni daga nesa na tsaya, ƙarƙashin wata bishiyar bedi, kamar mai neman akuyar da ta ɓata. Gaskiya jirgin ya yi kyau, sai ka ce ɗakin amarya ne ya faɗa ruwa. Kowa ya yaba, kowa ya sa albarka. Da aka ce bisimilla a shiga, sai aka fara cire takalma. Suka shiga a hankali, suna ɗage riguna kada su taɓa, suka tsugunna a ƙasan jirgi tsakanin kujera da kujera, inda ruwa ke taruwa. Mata suka rungume ƙorensu a cinya. Wani bawan Allah da ya ga ba wurin tsugunno ya ɗaga kushin ɗin ya riƙe shi a ƙirji kamar jariri, ya zauna bisa allon. Wani ya shimfiɗa buhu a kai kafin ya zauna, da inji ya tashi buhun ya zame da shi, ya tsinci kansa a jikin kwandon tumatir na wata mata. Ɗana yana ta cewa a zauna, don zama aka yi su, ba sa kama datti. Suna cewa to, madalla, ba wanda ya motsa. Masu awaki da masu kifi kuwa ko kusa ba su zo ba, suka wuce jirgin tsoho da ƙoƙonsa.

Da an bar su haka, wataƙila da ƙafa ta gaji da tsugunno sun hau. Abin da ya ɓata lamarin tsumma ne.

A Ikko, in ji matarsa, idan fasinja ya tashi ana fesa ruwan sabulu a goge wurin kafin wani ya zauna, kuma masu jirgin da ke yin haka su ake yabo. Ɗana ya taho da wannan a jininsa. Yana da kwalbar fesawa da farin tsumma a aljihu. Wata ranar kasuwa wani dattijo manomin albasa daga ƙetare, mutumin da idan ya yi magana a ƙauyensu an gama, ya shiga ya dubi masu tsugunno ya ce shi gwiwarsa ba ta wannan, ya zauna bisa kujerar gaba sosai, ya miƙe ƙafa. Har wasu suka fara ɗosana gefen ƙugu suna koyi da shi. Aka iso. Dattijo ya tashi, ƙafarsa ɗaya tana tudu ɗaya tana jirgi, sai ya ji fesa a bayansa. Ya waiwaya ya ga ɗana ya duƙa yana dirzar daidai inda ya tashi.

Ya ce, “Yaro, mi nab bari nan da kaka gogewa?”

Ɗana ya ce, “Ba komi, Baba. Tsabta ta.”

Dattijo ya gyaɗa kai. “To. Ashe ni ad dauɗar.”

Ya sa takalminsa ya hau tudu. Kafin a tashi kasuwa maganar ta kai Lambara, wanda ya zo daga Kajiji ma ya koma da ita. Aka ce mai sabon jirgi yana wanke mutane. Aka ce sai ka yi wanka da sabulu mai ƙamshi kafin ya ɗauke ka. Wata ta rantse ta ga yana shinshina wurin da ta dafa. Jirgin ya samu suna, jirgin asibiti. Daga nan sai ka ga jirgin tsoho ya cika har baki, mutane da awaki da buhuna, kowa da ƙoƙonsa yana kwarfa cikin farin ciki, na ɗana kuwa yana gefe fari tas, sai ma'aikatan lafiya idan za su ƙetare yin allura, su ma ba kullum ba.

Ledar ta cika alkawari. Babu tabo ko ɗaya a jikinta.

Ɗana ya ce wa bango mutanen nan ba su waye ba. Na ce wa kaza wanda ya goge bayan dattijo shi ne wayayye. Ya rage cin tuwo. Sai na ji wani mai saye daga Yawuri zai zo ganin inji. Wata safiya na wuce ƙofar ɗakinsu na saci kallo yadda na saba, kwaba ba komai a kanta. Jakar tana kan gado, baki buɗe, matarsa tana zaune kusa da ita tana ninke riguna, idonta ya yi ja.

Wata uwar sai ta shiga ta ce kada ka tafi. Ni ba a yi ni da wannan bakin ba, kuma ko na faɗa kunya ce za ta kashe mu mu biyu. Na koma ɗakina na ɗaga tabarma na ɗauko ƙyallen nan na daɗe ina dubansa.

Rabona da lalle tun rasuwar ubansa. Ranar kasuwa da sassafe na daka ganye na kwaɓa shi da kauri, na lafta a tafin hannu biyu, matar ɗana ta naɗe mini da tsumma tana kallona ba ta tambaya ba. Sauran na sa ta zuba a ƙaramin kwano ta ɗaure mini a bakin zani. Na sauka bakin ruwa.

Ban taɓa shiga jirginsa ba, kowa ya sani. Da ya hango ni na nufo shi sai ya duƙa yana taɓa inji. Na shiga da takalmina. Na warware tsumman hannu da haƙori, na dafa kujerar gaba da hannu biyu yadda tsofaffi ke yi, na juya na zauna a tsakiya, na kafa tafi ɗaya dama ɗaya hagu, na danna.

Ya ce wa inji, a hankali, da za a ɗan jira da an shimfiɗa tabarma.

Na ce, “Ruwa, gaya ma mai jirgi tsohuwa in ta zamna ba ta tashi. Ƙetare za ni.”

Ya tada inji. Mu biyu kaɗai muka ƙetare, ban ɗaga hannu ba har muka isa. A can mutane sun taru suna jiran jirgin tsoho, dattijon albasa yana cikinsu bisa buhunansa. A gabansu na tashi, na kwance kwano na ƙara lafta lalle, na dafa kujera ta biyu na zauna. Inda na bari, tafi biyu ne kore shar a kan farar leda.

Na ga hannun ɗana ya shiga aljihu. Na ga bakin tsumman ya leƙo. Ya dubi kujerar, ya dubi tudu inda dattijo ya zuba masa ido, da dukan ƙauyen a bayansa suna jira su ga ko zai goge bayan uwarsa ma. Tsumman ya koma ciki.

Akwai wata mai tallar nono a cikinsu, sa'ata ce, tare muka yi tashen 'yanmatanci, bakinta bai tsufa ba. Ta matso bakin jirgi da ƙwarya a ka.

Ta ce, “Ke uwar mai jirgi, ƙunshi da tsufa? Amarci za ki koma?”

Na ce, “Awo. Jikanki na angon, haƙora ɗai muka jira su hito mai.”

Ta leƙa kujerar gaba ta kama baki. “Kin ɓata ma yaro kujera.”

“Ta ɓaci. Shigo ki zamna.”

Ta ɗan yi jim, ta shigo, ta zauna daidai tsakanin tafin nan biyu, ta sauke ƙwarya a gefenta bisa ledar. Wata mai kifi ta biyo ta, ta ce tun da an riga an ɓata. Sai mai akuya. Ni kuwa ina ta ƙaura daga kujera zuwa kujera ina dafawa, duk wadda na bari sai a cike ta. A tsakiya igiyar ruwa ta bugi jirgi, nono ya fantsama a kan kujera, akuya ta yi abin da akuya ke yi. Mai jirgi gabansa kawai yake kallo. Ban sauka ba sai da kwanona ya ƙare kuma babu kujerar da ba ta san hannuna ba.

Da yamma, bayan kowa ya watse, matarsa ta ce ya kai sabulu da kananzir har da fetur. Nono ya fita, ƙarnin kifi ya fita, na akuya ya fita. Lallen kuwa, da ya kankare ɓawon sai ya tarar da ja a ƙasa, yana dirza yana ƙara fitowa. Ta zo ta durƙusa ta ce wai zai koma Bodinga a sake sabuwar leda. Na gaya wa kaza cewa bishiyar lallen bayan ɗakina ta yi sabon toho bana, ganye har ya yi mini yawa. Bai je Bodinga ba.

Dattijon albasa shi ne na ƙarshen dawowa, sai da ya bari aka yi kasuwa ba sau ɗaya ba yana kallo daga jirgin tsoho. Ranar da ya shiga ya zauna a kujerar gaba, da aka iso ya tashi ya tsaya ya waiwaya, ya daɗe a haka. Ɗana ya riƙe hannun inji da hannu biyu kamar za a ƙwace masa. Dattijo ya ce Allah shi yi albarka, ya sa aka loda albasa. Har yau ɗana yana gogewa, na sani, amma sai mutane sun haye tudu sun ba da baya, ya yi shi a ɓoye kamar mai satar nama a miya. Mai shagon Bodinga kuma na ji yana gaya wa masu saye cewa wata Hajiya daga Shagari ta gwada ledar nan da komai na duniya ba abin da ya kama ta. Maganar lalle ba ya kawo ta.

Mutumin Yawuri ya zo aka ba shi fura aka ce ya ɗan dakata tukuna, har yanzu yana dakatawa. Jakar ba ta koma bisa kwaba ba. Ɗana ya rasa inda zai riƙa zuba sifana da fulogi da igiya, sai ya juye rigunan ya zuba su ciki, ta koma zama a jirgi kusa da inji. Ita ba a gwada ta a Bodinga ba, baƙin mai ya kama ta ciki da waje, zif ɗin ma ya mutu. Ranar da ya shigo da ita gida neman wani ƙarfe, na dube ta na ce wa kaza jakar nan ta lalace, ba mai shiga mota da ita.

Daga ɗaki na ji ya ce wa bango, ai ta lalace.